Kunyar Ɗan Fari a Gidan Raino

A shekarar da yaron nan ya fara tafiya, ina aiki da safe a ɗakin karatu na wata makarantar 'yanmata a Birnin Kebbi, da la'asar kuma ina zuwa nawa karatun. Na ce "yaron nan" domin ɗan fari ne, kuma a gidanmu da gidan su maigidana uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta yabonsa, in ya faɗi a gaban suruka sai ta kau da kai har wani ya ɗaga shi. Sa'o'ina da yawa sun daɗe da watsar da wannan al'ada, suna ɗora hotunan 'ya'yansu a waya har da sunayen gayu. Ni kuwa ta zo mini daidai, don ko sunana aka tambaye ni a cikin taro sai na yi gyaran murya kafin ya fito. A ɗakinmu na unguwar Badariya, in an rufe ƙofa, ni da babansa ba mu da kunya ko kaɗan. Amma wannan ba a gani.

Tun yana jariri nake zuwa da shi wurin aiki. Nakan shimfiɗa masa zani a bayan kantar littattafan tarihi, inda ɗalibai ba su cika leƙawa ba, ya yi barcinsa, in yi aikina. Da ya fara rarrafe na kewaye shi da kwalaye. Da ya miƙe tsaye kwalayen suka zama matakala. Wata rana shugabar makaranta ta shigo da baƙi, ta tarar da shi zaune a tsakiyar ɗaki, ya kwashe duk littattafan kantar ƙasa, yana tsotsar kusurwar wata taswira da ya riga ya cinye rabin tekunta. Ba ta yi faɗa ba. Bayan baƙin sun tafi ta kira ni ofis, ta yaba hankalinsa, sannan ta ce in an dawo hutu a nema masa wani wurin.

Mahaifiyata ta rasu tun ina sakandare, don haka maganar ta tafi kai tsaye Argungu, wurin mahaifiyar maigidana, wadda muke kira Inna. Ita ba ta ga wata matsala ba. Ta ce ai dama yaro ya isa yaye, kuma yaye a ɗakin kaka ake yinsa. A kai mata mijinta, kamar yadda take kiransa da wasa, ya zauna a wurinta har in gama karatu. Karatun nan kuwa da sauransa sosai. Yaron da aka kai yana koyon tafiya zai dawo yana kirana da suna, ko kuma ya ƙi dawowa.

Ba ni da bakin cewa a'a. Uwar da ta ce ba za ta iya rabuwa da ɗan farinta ba ta zama abin labari a gidan biki. Babansa ma haka, shi ma kunyar ta ɗaure shi. Abin da ya iya yi shi ne ya kewaya ta bayan gida: ya ce wa Inna a birni akwai gidajen raino, ana kai yaro da safe a ɗauko shi da rana, kuma likitoci sun fi son a bar yaro ya ƙara shan nono. Inna ta amsa a waya, ta ce za ta zo ta ga gidan da idonta. In ya yi mata, shi ke nan. In bai yi mata ba, da mijinta za ta koma.

Na kai maganar ɗakin malamai, ko in ce maganar ta kai kanta, don ni tambaya ɗaya na yi wa malamar lissafi a hankali, ita kuwa ta amsa da ƙarfi. Babbar mace ce, 'ya'yanta duk a gidajen raino suka tashi, kuma ta yi faɗa da kusan kowace mai gidan raino a garin. Kafin in zauna malamai mata sun kewaye ni, kowa da ma'auninta.

Wata ta ce hanci ne alƙali: in na shiga na ji ƙamshin turare ya yi yawa, wani abu ake rufewa. Wata ta ce in dubi farcen masu raino, in kuma lura da inda wayoyinsu suke, a jaka ko a hannu. Malamar Turanci ta ce ita ɗigo take yi da biro a gefen famfas kowace safiya, in ta ɗauko yarinyarta da rana ta ga ɗigon yana nan, ta san ba a canza ba. Malamar lissafi ta ce wannan tsohon yayi ne, masu raino sun gano, yanzu su ma suna da biro. Aka yi gardama a kan shiru. Wasu suka ce gidan da ka ji tsit, yara duk sun yi barci lokaci guda, to a binciki abin da ake zuba musu a kunu. Wasu suka ce gidan da kuka ke tashi har bakin titi babu mai ɗaukar kowa. Na tambaya, to yaya ake so a ji? Aka ce mini tsaka-tsaki, kuma kowa ta kwatanta nata tsaka-tsakin da murya daban.

A kan abu ɗaya kawai suka haɗu: kada in yarda da falo. Falo na baƙi ne, an yi masa fenti, an zana giwa da ayaba a bango. Gaskiyar gida tana baya, inda ake wanki da shanya da zubar da ruwa. Na ce ni ba zan iya cewa a nuna mini bayan gidan mutane ba.

Malamar lissafi ta dube ni ta saman tabarau. "Ke wa yac ce ki tambaya? Buta za ki roƙa. Ki ce za ki yi alwala. Akwai Musulmar da za ta hana ki ruwan alwala?"

Haka na shiga zagayen gidajen raino a cikin hutu, ina barin yaron wurin maƙwabciya, ina hawa keke mai ƙafa uku daga unguwa zuwa unguwa. A ko'ina nakan ce wata 'yar'uwata ce ke neman wuri, don kalmar "ɗana" ba ta fita daga bakina. Nakan zauna a falo in saurari bayani, in gyaɗa kai, tambayoyin da na tsara a zuciyata tun daga gida su ƙi fitowa. Sai in ce a taimaka mini da buta. Dabarar ta yi aiki fiye da yadda na zata. Na ga randar da babu murfi. Na ga bahon wanka ɗaya da ake wanke kwanuka a ciki. A wani gida mai talabijin kusan faɗin bango, na tarar da tsumman goge ƙasa da tawul ɗin goge baki suna shan iska a igiya ɗaya, kuma ban iya bambance su ba.

Abin da malamar lissafi ba ta faɗa mini ba shi ne, wadda ta yi alwala da hantsi ana shimfiɗa mata darduma. Ina dawowa daga bayan gida sai in tarar an gyara mini wuri, an nuna mini gabas, an kashe talabijin saboda ni. Ban taɓa yin sallar walha a jere kamar a wannan hutun ba. Ina fatan Allah Ya karɓa, ko da yake niyyar ta biyo ta hanya mai nisa.

Gidan da ya kwanta mini yana Gwadangaji, a wani lungu da keke ba ya shiga. Mai gidan tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, doguwa, mai magana kaɗan, kowa yana ce mata Hajiya. Babu giwa a bango. Akwai babbar rumfa da tabarmi, da bishiyar mangwaro da aka kewaye gindinta. A baya randuna suna rufe, kowane yaro da kofinsa a rataye, shanya kashi-kashi, rijiya da murfin ƙarfe da kwaɗo. Na cire takalmi na taka simintin, babu yashi, babu danƙo. Masu raino mata ne manya, ɗaya tana goye da wani tana ba wani kunu, wayarta ban ganta ba sam. Ƙarar gidan kuwa, in ba ita ce tsaka-tsakin ba, to ban san ta ba. Na idar da salla na ce zan sanar da 'yar'uwar tawa. Hajiya ta ce Allah Ya kawo ta lafiya, ta kuma dubi gaban hijabina inda nono ya ɗan jiƙa.

Ranar Asabar muka tafi Argungu ɗauko Inna. Hanya duk kore, shinkafa ta rufe fadama hagu da dama, yaron yana tsaye a cinyar babansa yana dukan gilashi. Da motar ta shiga gari babansa ya miƙo mini shi, ni kuma da muka isa ƙofar gida na miƙa wa ta farko da ta fito, muka shiga kamar ba mu san shi ba.

Inna ta riga ta gama shiri. Ta sa an ɗinka 'yar katifa, ta sayi ƙaramin kwano da ludayi, ta ware akuya mai shayarwa ta ɗaure a gindin zogale saboda nonon mijinta. Ta karɓe shi tana yi masa tsiya, wai ango ya zo hannu biyu, ko goro babu, ga rama kamar ba a dafa abinci a birni. Ni ina durƙushe ina gaisuwa, amma idona ya riga ya lalace da bincike. Na ga rijiya a buɗe. Na ga murhun bandar kifi yana hayaƙi daidai tsayin yaro. Na ga wuƙar gyaran kifi a kan turmi, kaji suna shiga ɗaki suna fita. Da malaman makarantarmu sun zo, da gidan nan bai ci ko jarrabawa ɗaya ba.

Sai dai na ga wani abin kuma. Tun da muka shiga ƙafar yaron ba ta taɓa ƙasa ba. Daga wannan hannu zuwa wancan, daga bayan gwaggo zuwa cinyar kaka, ana tauna masa kifi ana cire ƙaya. A nan babansa ya tashi, da ƙannensa, babu wanda ya faɗa rijiya. Wannan ya fi tsorata ni fiye da wuƙar, don na gane ba ni da hujjar da zan kawo a kan gidan Inna sai guda ɗaya, wadda ba a faɗa: ina son in riƙa ganinsa kullum.

Ranar Litinin da hantsi muka tafi Gwadangaji. Babansa ya ce aiki ya riƙe shi a injin shinkafa, kuma na san aikin bai kai haka ba. Inna ta goya yaron da sabon zani, ta shige gaba. Ni ina baya da jaka.

Hajiya ta tare mu a rumfa. Ta gaida Inna da girmamawa, ta dube ni ta ce, "A'a, mai sallar walha. Ina 'yar'uwar taki?" Na sunkuyar da kai. Inna ta ce wace 'yar'uwa, ai matar ɗanta ce. Hajiya ta ce to madalla, dama ta ga kama.

Binciken Inna bai bi ta inda nawa ya bi ba. Ba ta roƙi buta ba. Ta miƙe kawai ta zagaya bayan gida kamar nata, ta buɗe randa ta leƙa, ta ɗebi kunun yara a ludayi ta kurɓa, ta ce gero ne mai kyau amma an cika ruwa. Daga nan ta zauna ta kira masu raino ɗaya bayan ɗaya tana tambayar asalinsu: ɗiyar wa ce, wa ke aurenta, ta haihu, 'ya'yan suna raye, wa ke riƙe mata su yanzu da take nan tana riƙon na mutane. Ta gano cewa ɗaya daga cikinsu kakarta mutuniyar Argungu ce, unguwar masunta, har kakar ta taɓa yin rigima da Inna a kan wurin shanya. Na ɗauka shi ke nan, an faɗi. Ashe wannan maki ne. Inna ta ce tsohuwar fitinanniya ce amma tana da tsabta.

Sai Hajiya ta ce ita ma tana da nata tambayoyin, don ba ta karɓar yaro sai ta san halinsa. Me yake ci, yaya yake barci, me ke ba shi tsoro, in ya yi kuka me ke sa ya yi shiru. Ta fuskance ni tana tambaya. Inna ta amsa, kamar yadda ya dace, tunda babba tana wurin.

Ta ce mijinta komai yana ci. Yaron nan kuwa ko ƙwai ya lasa sai jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu. Ta ce barci yake yi da zarar an goya shi. Ba ya barci a goye, sai an kwantar da shi a gefensa na hagu an dafa masa baya. Ta ce ba ya tsoron komai, jinin masunta ne. Yana tsoron balan-balan, da ƙarar injin markaɗe, da duk mutumin da ya yi masa dariya da ƙarfi. Inna ba ƙarya take yi ba, jikan da take gani ranar Salla take kwatantawa, wanda ke hannun mutane daga safe har dare ba ya samun zarafin nuna halinsa. Ina zaune a gefen tabarma, ina murza igiyar jaka, kowace amsa tana sauka a kaina.

Hajiya ta ce to a sauke shi a gani. Inna ta kwance goyo. Mai rainon nan jikar Argungu ta taho da fara'arta duka, ta tafa hannu, ta kira shi ango, ta sure shi sama. Ya dube ta, ya dubi rumfa cike da idanun yara, ya ja numfashi mai tsawo, ya saki kuka.

Aka shiga lallashi irin wanda aka saba. Aka girgiza shi, aka yi masa waƙa, aka kaɗa masa gwangwani, wata ta kawo biskit, wata ta hura balan-balan ja ta kawo masa har hanci. Kukan ya koma ƙara. Inna ta karɓe shi ta jijjiga, ta yi masa kirari, ta yi masa barazanar saki, bai saurare ta ba. Yana miƙo hannu ta kan kafaɗarta zuwa inda nake, ni kuma ina kallon saƙar tabarma kamar za a tambaye ni ita a jarrabawa. Wasu yaran suka kama nasu kukan don taya shi.

Inna ta fara warware zanin goyo. Ta ce wa Hajiya gida ya yi kyau, ba ta ga aibu ba, amma yaro ya faɗi nasa, kuma ba a yi wa yaro dole. Ta ce, "Wanga wuri bai karɓe shi ba. Mu tai gida, gobe in wuce da shi."

Na san in ta ɗaure zanin nan magana ta ƙare. Ban ɗaga kai ba. Da ginshiƙin rumfa na yi magana, kuma muryar da ta fito ƙarama ce har sai da Hajiya ta matso.

"A ajiye shi ƙasa. A ɗauke balan-balan ɗin. Kowa ya daina kallonsa."

Inna ta tsaya da zani a hannu.

Tunda na riga na fara, sauran ya biyo da kansa, ban iya tsayar da shi ba. Na gaya wa ginshiƙin cewa yaron nan a ɗakin karatu ya tashi, bai saba da tafi da waƙa ba. Ba ya son a zo masa ta gaba, ba ya son a ɗaga shi sama. In ana so ya saba da mutum, mutumin ya zauna kusa da shi yana wani aiki, kada ya kula shi, shi zai zo da kansa. Na faɗi maganar ƙwai. Na faɗi gefen hagu. Na faɗi cewa in ya kama kunnensa ba ciwo ba ne, barci ne, in kuma ya yi shiru ya shige lungu to a duba famfas. Ruwa sai a kofi, ba ya karɓar cokali. Yana cewa "ba" in yana son abu, yana kuma cewa "ba" in ba ya so, sai a dubi hannunsa. Na yi ta jerowa har na ji kaina ina bayanin yadda ake yanke masa farce, sannan na yi shiru.

A gaban uwar mijina na zauna na karanta ɗan fari tun daga kai har ƙafa.

Hajiya ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce ai su sun san yara ba, wanda shi na fi tsammani. Ta juya ta ce wa masu raino sun ji, a yi yadda uwarsa ta ce. Ta sa aka janye sauran yaran zuwa gindin mangwaro. Ta karɓi yaron daga hannun Inna ta baya, ta ajiye shi a tabarma, ita kuma ta zauna ɗan nesa da shi ta jawo tiren wake ta shiga tsincewa. Ta ce mini in koma bayan ƙofa inda ba zai gan ni ba. Ta ce wa Inna, cikin ladabi, ita ma ta dubi wani wurin.

Bai yi shiru nan take ba. Ya yi ta kuka, ya rarrafa ya shige ƙarƙashin benci, ya ci gaba daga can. Ina leƙe ta tsagar ƙofa. Inna ta juya baya tana kallon bango, kafaɗunta a ɗage, ban san ko fushi ba ne ko dariya. Kukan ya koma shessheƙa, shessheƙar ta koma ajiyar zuciya. Hajiya tana ta tsintar wakenta, tana jefa tsakuwa a murfin kwano, kowace da 'yar ƙararta. Can sai ga kansa ya leƙo. Ya fito, ya tsaya, ya yi taku kaɗan ya zauna. Ya sake tashi. Daga ƙarshe ya dafa gwiwar Hajiya da hannu ɗaya, ya cusa ɗayan cikin tire, ya damƙi wake ya watsar a tabarma. Hajiya ba ta dube shi ba, ta matsar masa da tiren kawai, tana lura da hannunsa kada ya kai baki.

Mun daɗe a gidan. Kafin mu tafi ya yarda jikar Argungu ta ba shi ruwa a kofi, ita ma tana kallon gefe kamar mai jin kunyarsa. Hajiya ta sake tambayata maganar ƙwai, ta maimaita wa mai dafa abinci a gabana. Inna ta goya shi muka fito.

Muka shiga keke, muka hau babban titi. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ashe ina da baki. Ta ce shekara da shekaru tana gaya wa mutanen Argungu ɗanta ya auro kurma mai karatu, yau ga shi na tsaya gaban mutane ina lissafa ɗa kamar mai tallan atamfa. Na ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙurin me, abin da ya faru ya faru, kuma sai ta ba da labarin nan a kowane gidan suna har ta gaji. Ta ƙara da cewa ita ba ta san maganar ƙwai ba, kuma jiya da safe ta so ta soya masa.

Da dare ban ji abin da suka tattauna da ɗanta ba, kuma ban tambaya ba. Na haɗa kayan yaron a jaka, don ban san inda za su kwana gobe ba.

Da safe muka raka ta tashar Argungu. Ita ke goye da shi, jakar kayansa tana hannuna. Mota ta kusa cika, 'yan kamasho suna kira, wasu mata 'yan garinsu da ke ciki suka gane ta suka fara gaisuwa ta taga. Inna ta sa aka ɗora kayanta, ta zaɓi kujera, ta yi ciniki da mai lemo. Sannan ta jero sharuɗɗa tana kallon ɗanta: kowane hutu nata ne, tun daga ranar farko. Yaye in ya zo a ɗakinta za a yi. A gaya wa Hajiya ta rage ruwa a kunu. Kifi za ta riƙa aikowa, kuma na mijinta ne, ba na wasu ba.

Ta kwance goyon a bakin mota. Babansa ya matso zai karɓa, ta kauce masa. Ta juyo wurina, a gaban matan Argungu da direba da mai lemo, ta miƙo shi.

"Karɓi ɗanki."

Na ajiye jakar a ƙasa na karɓe shi. Ya cusa fuskarsa a wuyana. Matan cikin mota suna kallo, ɗaya ta rufe baki da mayafi. Na rasa inda zan sa idona, sai na kafa idon a kan tayar motar, na tsaya a haka har ta fara juyawa.